Babi na Tara: Da Ruwan Ciki Ake Jan na Rijiya

Tiyatar rage ƙiba aikin 'yan sa'o'i ce a hannun likita, amma zaman da ke biyo bayanta na tsawon rai ne. Masu yin ta daga wannan yanki namu na Adamawa kan nufi wani asibitin kuɗi a Legas ko Abuja, wasu kuma su tsallaka Masar, Indiya ko Turkiyya. Bayan 'yan kwanaki a sallami mutum da takarda mai jerin abin da zai ci da wanda zai bari, ya hau jirgi ya sauka a Yola, ya shigo gida a unguwar Alkalawa da ke Jimeta. A nan ne zai tarar takardar ba ta san inda ya fito ba. Ba ta san tuwon masara da miyar kuka ba, ba ta san kunun gyaɗa ba, ba ta kuma san cewa a watan Maris da Afrilu zafin Jimeta kan haura digiri 40 ba.

Wata huɗu ko biyar bayan haka, nauyi ya zube, gwiwa ta daina ƙara, numfashi ya daidaita. Mutumin da a da ba ya iya takawa daga gida zuwa Kasuwar Jimeta sai ya tari keke napep, yanzu ƙafarsa ta yi sakayau, har ransa na raya masa gudu. Wannan sha'awa alheri ce, kuma babu wanda ya kamata ya kashe masa ita. Sai dai akwai wani lissafi da ba a cika faɗa wa mutane ba: ƙafa ta samu 'yanci a daidai lokacin da ciki ya ƙuntata. Gudu kuwa ci yake yi daga abin da aka zuba wa jiki. Duk abin da za a faɗa a wannan babi yana komawa ga ƙa'ida guda: kwano ne ke yanke wa ƙafa nisan da za ta je.

Abin da wuƙa ta canja

Iri biyu na wannan tiyata suka fi yawa a duniya. Na farko shi ne wanda likitoci ke kira silif, inda ake yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a fitar, a bar siririn sashe wanda a farko ba ya ɗaukar fiye da mililita 100 zuwa 150. Na biyu shi ne baifas, wanda Dakta Edward Mason na Jami'ar Iowa a Amurka ya fara a 1966. A tsarinsa na yau, ana keɓe 'yar jaka a saman tumbi mai ɗaukar kimanin mililita 30, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin.

Amfanin aikin ba abin musu ba ne. Wani dogon bincike da aka fara a Suwidin a 1987, wanda ya bi mutane sama da 4,000, ya fitar da sakamako a 2007 cewa kasadar mutuwa ta ragu da kusan kashi 29 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa tiyata idan aka gwada su da masu ƙiba irin tasu da ba a yi wa ba. Da yawa daga masu ciwon sukari da hawan jini kan samu sauƙi mai yawa. Shi ya sa a 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta sharaɗi, suka ce duk wanda ma'aunin nauyi da tsayinsa, wato BMI, ya kai 35 ya cancanta. Ga mai tsayin mita 1.7, wannan na nufin kilo 101 ke nan zuwa sama.

Amma girman tumbi ba shi kaɗai ya canja ba. A 1999 masu bincike a Jafan suka gano wani sinadari mai suna girelin, wanda shi ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon yunwa, kuma mafi yawansa daga saman tumbi yake fitowa, wato sashen da ake cirewa a silif. Saboda haka mutum kan wuni bai ji yunwa ba alhali jikinsa na bukata. Wanda ya shekara arba'in yana faɗa da yunwa zai ɗauki wannan shiru a matsayin nasara. Ga mai gudu kuwa haɗari ne, domin ɗan aiken da ya saba sanar da shi lokacin ci ya yi barci. Daga yanzu agogo ne zai riƙa kiransa cin abinci.

Lissafin da ba a gaya wa mai gudu

A watannin farko bayan tiyata, da yawa ba sa iya cin abin da ya kai kalori 1,000 a rana. Gudu kuma yana cin kimanin kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyin mutum a kowace kilomita. Mai kilo 90 da ya yi kilomita 5 ya ƙone kusan kalori 450. Wato kafin hantsi ya kashe kusan rabin abin da zai iya ci a duk ranar, ga zuciya da ƙwaƙwalwa da hanta na jiran nasu kason.

Idan jiki ya rasa abin da zai ƙona, ba kitse kaɗai yake taɓawa ba, har tsoka yana ci. Ko babu gudu, wani kaso mai yawa na nauyin da ke zubewa bayan tiyata tsoka ne, musamman a wata ukun farko. Tsokar nan ita ce ke riƙe gwiwa da ƙugu da baya, ita ce kuma ke shanye sukarin da ke cikin jini. Wanda ya ƙara gudu a kan ƙarancin ci zai ga sikeli na sauka ya yi murna, amma cinyarsa na narkewa, gashinsa na kakkaɓewa, yana tashi daga sujada yana ganin jiri. Bayan shekara ɗaya zuwa biyu, lokacin da saukar nauyi ke tsayawa kuma yunwa ke dawowa, sai ya tarar da jiki mai ƙarancin tsoka, wanda ke ƙona abinci kaɗan. A irin wannan jiki ƙiba ta fi saurin samun hanyar dawowa.

Don haka manufar motsa jiki bayan tiyata ta bambanta da wadda aka saba ji. Tiyatar ce ke sauke nauyi. Aikin gudu shi ne ƙarfafa zuciya da huhu, kare ƙashi da tsoka, kwantar da hankali, da taimaka wa mutum ya riƙe abin da ya samu bayan shekara biyar da goma.

Kwano: me za a fara kaiwa baki

A gidajenmu tuwo ne sarki, miya mai rakiya, nama kuma ɗan yanki ne da ake ajiyewa a gefe a cinye a ƙarshe. Wanda aka yi wa tiyata dole ya juya wannan tsari. Ya fara da abinci mai gina jiki, wato furotin, sannan ganye, sannan in da sauran wuri ya kai lomar tuwo ɗaya ko biyu. Likitocin fannin sun yi ittifaƙi a kan aƙalla giram 60 na furotin a rana, kuma mai gudu zai bukaci fiye da haka, gwargwadon yadda mai ba shi shawarar abinci ya auna masa.

Ba sai an nemo gwangwanin garin furotin daga waje ba. Adamawa ƙasar shanu ce, ga Binuwai a bakin gari, ga Tafkin Geriyo. Ƙwai ɗaya na da giram 6. Kofi ɗaya na kindirmo ko madara na da kusan giram 8. Giram 100 na tsokar tarwaɗa ko karfasa, kimanin tafin hannu, na da kusan giram 20. Rabin kofi na dafaffen wake na da kusan giram 7. Giram 50 na tsokar kaza na da kusan giram 15.

A dubi yadda rana ɗaya za ta kasance. Da safe dafaffen ƙwai biyu, a ci ɗaya a huta, a ci ɗayan. Da hantsi kofin kindirmo ba sukari. Da azahar farfesun kifi, a ɓare tsokar a faranti, a tauna kowace loma har ta zama kamar an dama ta kafin a haɗiye, a ajiye cokali tsakanin loma da loma, a ɗauki minti 20 zuwa 30. Da la'asar alala ko wake da ya dahu luguf. Bayan magariba 'yar kaza a miyar zogale ko kuɓewa, da lomar tuwo. Kafin barci kofin madara. An haura giram 60 ke nan ba tare da an cusa wa tumbi abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Wasu abubuwan da muke so suna bukatar hattara. Kilishi da tsire da balangu cike suke da furotin, amma busasshen nama kan tokare a ƙaramin tumbi ya jawo amai, don haka sai an jima, kuma da tauna sosai. Dambun nama da naman da aka dafa ya yi laushi sun fi sauƙin wucewa. Burodi, shinkafa da taliya kan cunkushe su cinye wurin da ya kamata kifi ya shiga. Awara na da kyau, amma a fi son wadda aka sa a miya a kan wadda ta sha mai a kasko. Nono kuma a tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, domin gudawar kwana biyu na iya kwantar da mai ƙaramin tumbi a asibiti.

Babban tarko kuwa yana cikin abin sha. Tuwo kan tsaya a tumbi ya ce ya isa. Kunun gyaɗa mai sukari, fura da aka dama da sukari, zoɓo mai zaƙi, shayi mai madarar gwangwani da lemon kwalba duk sulalewa suke yi ba tare da sun cika ciki ba. Kwalbar lemo ta rabin lita na ɗauke da sukari kusan giram 50, wato kalori 200. Mai gudun da ya dawo da gumi ya ce ai ya yi aiki, ya sha biyu, ya mayar da kusan duk abin da ya ƙone, kuma bai ba tsokarsa komai ba.

Ruwa da zafin Yola

Yola da Jimeta suna cikin kwarin Binuwai, inda zafi ke zama ya kwana. Mai gudu a irin wannan yanayi na iya zubar da gumin da ya kai lita ɗaya a sa'a guda. Wanda tumbinsa ke nan yadda Allah ya halitta, in ya dawo sai ya fasa ledar fiya wata biyu ya kwankwaɗe, magana ta ƙare. Wanda aka yi wa tiyata ba shi da wannan dama. Kurɓi-kurɓi zai sha, in ya yi gaggawa ƙirji ya ɗaure ko ruwan ya dawo.

Ana son ya sha aƙalla lita ɗaya da rabi a rana, wato leda uku, ban da abin da gumi ya kwashe. Ga kuma wata ƙa'ida: ba a haɗa ci da sha, sai an jira kimanin rabin sa'a bayan an gama. In mutum na cin abinci sau shida, kowanne da mintocin cinsa da na jira, sa'o'i biyar zuwa shida sun fita daga lokacin shan ruwa. Abin da ya rage sai an yi masa tsari. Gora ba ta barin hannu, a shago, a ofis, a mota.

Wannan ne ya sa ruwan gudun gobe tun yau ake shan sa. Wanda ya kwanta da ƙishi ba zai iya biyan bashin da asuba ba. Alama mafi sauƙi ita ce fitsari: in ya yi fari-fari, an sha isasshe, in ya yi ja kuma ya yi kaɗan, ranar ba ta gudu ba ce. Rashin ruwa na cikin manyan dalilan da ke mayar da mutane asibiti bayan wannan tiyata, kuma yana ƙara kasadar tsakuwar ƙoda.

Lokacin fita shi ne bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga. A bazara ko da asubar ma a rage nisa, a mayar da wasu ranakun tattaki. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyi kan ɓoye ƙishi alhali busasshiyar iska na tsotse ruwan jiki, ga ƙura da ke tayar wa masu asma ciwo. Ranar da hazo ya rufe gari har ba a hango tsallaken gadar Binuwai, motsa jiki a tsakar gida ya fi.

Daga tattaki zuwa sassarfa

Tafiya ana fara ta tun a asibiti, sau da yawa a ranar tiyatar, don hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa. A makonni huɗu zuwa shida na farko ba a ɗaukar kaya mai nauyi, abinci kuma na tafiya mataki-mataki daga ruwa-ruwa zuwa damamme zuwa mai laushi. A wannan lokaci tattaki ne kawai: minti 10, sannan 15, har a kai 30 ba tare da haki ba.

Kafin a fara gudu, sharuɗɗa huɗu su cika. Likita ya ba da izini. Mutum na kai giram 60 na furotin kusan kullum. Yana shan ruwansa cikakke. Yana iya tafiyar sauri ta minti 30 zuwa 40 ba ciwon gwiwa ba jiri. In ɗaya ya rage, a ci gaba da tattaki, ba a yi asarar komai ba. A duk takun gudu, ƙafa na karɓar nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku, kuma gaɓoɓin da suka shekara ashirin suna ɗaukar kaya ba sa warkewa a wata uku.

Hanyar da ta fi aminci ita ce cakuɗa tafiya da sassarfa. A 1996 wani Ba'amurke mai suna Josh Clark ya tsara shirin mako tara na kai wanda bai taɓa gudu ba zuwa kilomita 5, shirin da daga baya hukumar lafiya ta Birtaniya ta rungume shi. Ana farawa da sassarfar minti ɗaya, tafiyar minti ɗaya da rabi, a maimaita, sau uku a mako da hutun kwana a tsakani. Ga wanda aka yi wa tiyata, babu laifi ya maimaita kowane mako sau biyu. Ma'aunin sauri kuwa shi ne magana: in kana gudu kana iya amsa gaisuwar wanda ka wuce da cikakkiyar jimla, saurinka daidai ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, da kuma atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Wannan na ƙarshe ne masu gudu ke tsallakewa, alhali ga mai tiyata shi ne kan gaba. Ba ya bukatar injin ko ɗaya: tashi da zama daga kujera sau goma-goma, tura bango da hannu, hawa da sauka a kan dakali, ɗaga jarkar ruwa ƙarama. In mako ya ƙure, gara a rage gudu ɗaya a kan a bar wannan.

Lungunan tsofaffin unguwanni irin su Alkalawa, Limawa da Ajiya na da kwata da cunkoso, kuma manyan tituna na cika da keke napep tun da sassafe. Wuraren da suka fi sarari, kamar kewayen Dandalin Ribadu, titunan Karewa da Dougirei ko filin wata makaranta, sun fi dacewa. A bi gefen da ake fuskantar abin hawa, a sa tufa mai haske. A sayi takalmi bayan nauyi ya sauka, domin ƙafa ma kan rame. Fatar da ta saki a ciki da cinya kan goge ta yi ciwo, maganinta matsattsen wando a ciki da shafa man kaɗanya ko Vaseline. Mata kuma ba sa bukatar ajiye hijabi: dogon wando, riga mai faɗi da ƙaramin hijabi mara nauyi sun isa, kuma fita biyu-biyu ko uku-uku na rage idon mutane, yana kuma sa a ɗore.

Sukari kafin gudu

Ga abin da ke faruwa da mutane da yawa. Mutum ya fito masallaci, ya tsaya wurin mai shayi ya sha haɗin kauri da ɗan burodi don ya samu ƙarfi. In baifas aka yi masa, sukarin ya zuba cikin hanji kai tsaye. Cikin minti 10 zuwa 30 ciki ya murɗa, zuciya ta hau bugawa, fuska ta yi zafi, wani lokaci har da gudawa. In ya tsallake wannan, akwai na biyu, wanda ke zuwa bayan sa'a ɗaya zuwa uku: sukarin ya hau jini da sauri, jiki ya sako insulin fiye da kima, sukarin ya faɗi ƙasa warwas. Yana cikin sassarfa sai ya ji gumi mai sanyi a goshi, hannu na karkarwa, gwiwa ta saki, titi na juyawa, ya nemi bakin kwalbati ya zauna. Likitoci na kiran wannan damfin. Ya fi yawa ga masu baifas, amma masu silif ma yana samun su.

Kariyarsa ita ce a guji zaƙi tsantsa kafin fita. Gudun da bai kai sa'a ɗaya ba ba ya bukatar a ci komai a hanya. Rabin ayaba da cokalin tunkuza ko 'yar gyaɗa, ko rabin kofin kindirmo, kimanin sa'a guda kafin fita sun wadatar, wasu kuma ruwa kaɗai ya ishe su. A sa dabino biyu a aljihu don ranar da karkarwa ta zo, a ci ɗaya a zauna, in an koma gida a bi shi da ƙwai ko madara, a kuma sanar da likita. Bayan an dawo daga gudu, a fara da kurɓar ruwa, sannan a ci furotin cikin sa'a guda.

Masu shan maganin sukari ko na hawan jini su koma wurin likita kafin su fara gudu. Adadin da ya dace da mai kilo 130 na iya kayar da mai kilo 95.

Jini, ƙashi da kantin magani

Ƙaramin tumbi ba ya fitar da isasshen ruwan tsami da sinadarin da ke taimaka wa jiki tsotsar bitamin B12, kuma baifas na tsallake sashen hanjin da ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe da kalsiyam. Saboda haka ƙwayoyin bitamin da aka rubuta wa mutum na tsawon rai ne. Mai gudu ne zai fara jin ƙarancin ƙarfe: nisan da yake yi cikin sauƙi a watan jiya yanzu yana sa shi haki. Kuskure ne ya ɗauka lalaci ne ya ƙara matsa wa kansa. Gwajin jini yake bukata. Mata masu al'ada sun fi shiga wannan kasada. Shayi na hana jiki tsotsar ƙarfe, don haka a raba shi da lokacin abinci, a kuma raba ƙwayar ƙarfe da ta kalsiyam da sa'a biyu.

Amai da ya ƙi tsayawa na kwanaki abin gaggawa ne, domin yana iya ƙarar da bitamin B1, wanda rashinsa ke taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Jin dindiris ko tsira-tsira a tafin ƙafa, ciwo mai tsanani a gefen dama na saman ciki wanda ka iya zama tsakuwar matsarmama, baƙin bayan gida, ciwon ƙirji ko suma, duk dalilai ne na ajiye takalmi a nufi asibiti.

Sai maganar ciwon jiki. Al'adarmu ce in gwiwa ta yi tsami a leƙa kemis a karɓi diclofenac ko ibuprofen, ko haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda. Ga mai baifas musamman, wannan jinsin magani na iya haifar da gyambo a daidai mahaɗar tumbi da hanji, har ya yi jini ko ya huje. Paracetamol ne aka fi amincewa da shi, kuma ciwon da ya wuce kwana uku hutu da likita yake so. Taba sigari ma tana jawo irin wannan gyambo.

Wanda aka yi wa aiki a Alƙahira ko Delhi kada ya zauna ba likita a gida. Ya kai takardunsa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola ko Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta, a buɗe masa fayil, a riƙa duba jininsa sau da yawa a shekarar farko, sannan aƙalla sau ɗaya kowace shekara.

Azumi, biki da bakin mutane

A 2024 da 2025 azumin Ramadan ya faɗo a watan Maris, cikin tsakiyar zafi. Likitoci da dama na ba da shawarar kada a yi azumi a shekarar farko bayan tiyata, kuma shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame. Mutum ya tambayi likitansa, ya tambayi malaminsa. Wanda ya kai matsayin yin azumi ya sani sa'o'in da ke tsakanin buɗa-baki da sahur da ƙyar suke isar sa ci da sha. Ya buɗe da ruwa da dabino ɗaya, ya yi sallah, ya ci furotin, ya ci gaba da kurɓa har sahur. Gudu a wannan wata ya koma tattakin dare bayan asham. Ƙarfin da aka rasa a wata guda yana dawowa cikin makonni.

A gidan biki ko suna kuwa, za a turo masa faranti shaƙe da waina da shinkafa. Goggo za ta dube shi ta ce, "Kai ɗan nan, wannan ramar ta isa haka, ci mana." Ƙanwa za ta ja shi gefe: "Hamma, ko dai wani ciwo kake ɓoye mana?" Ƙauna ce ke magana, a ƙasar da jiki ke nuna wadata, rama kuma ke nuna damuwa. Ba a amsa ƙauna da faɗa. "Goggo, likita ne ya auna min, in na ƙara zai dame ni. A sa min naman a leda in tafi da shi." Ta samu ladan ciyarwa, shi ya tsira da cikinsa. Mafi alheri shi ne mai dafa abincin gida, uwargida ce ko inna ko adda, ta san ƙa'idojin nan tun farko, domin a hannunta rabin maganin yake. Matar da aka yi wa tiyata kuma ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, maigida ya san da haka ya goya mata baya.

Kalma ga mai karatu

Tun 2016 ake gudun fanfalaki na birnin Legas, tun 2013 ake tseren kilomita 10 na Okpekpe a Jihar Edo, kuma babu abin da zai hana ɗan Alkalawa da aka yi wa tiyata ya tsaya a layin farawa wata rana. Hanyar zuwa can ta kicin take bi. Kowane dare kafin ka kwanta, ka yi wa kanka tambaya uku: na ci furotin ɗina, na sha ruwana, na haɗiye bitamin ɗina? In amsar duka e ce, ka ɗaura takalmi da asuba. In ɗaya ta zama a'a, gobe ranar tattaki ce da gyaran kwano. Ka kashe dukiya, ka kwanta a gaban wuƙa don ka samu lafiya, to kada ka bari gaggawa ta ƙwace maka ita. Ka ci, ka sha, sannan ka gudu. Allah ya ƙara mana lafiya mai amfani.